Ƴar laimar da Yaya ya zo da ita daga Misrata

A ƙarƙashin gadon Inna, a gidanmu da ke Tawa, akwai wani tsohon akwatin ƙarfe wanda ba mai buɗe shi sai ita. Takardun haihuwarmu na ciki, da katin zaɓen marigayi Baba, da zannuwan da take ɓoyo saboda ranar biki. A can ƙasa kuma akwai wani koren ƙyalle mai santsi, bai kai girman ɗankwali ba, da zarurruka a gefensa waɗanda suka haɗu a wani ɗan zoben ƙarfe. Yayana ne ya zo da shi daga Libiya a shekarar 2011, ya naɗo takardunsa a ciki. Inna ta ga ƙyallen yana da ƙwari, sai ta karɓe shi ta ƙulle takardun gida. Ya fi shekara goma sha biyu a nan, ba wanda ya taɓa tambayar ko na mene ne.

Wanda ya fara tambaya shi ne ɗan Yaya, yaron da aka haifa shekara ɗaya bayan dawowar ubansa. Yaro ne mai idon ƙarfe. In ya taso daga lakwal, jakarsa kawai yake jefarwa ya ɗauki mayen ƙarfen da ya ciro daga tsohuwar rediyo, ya ɗaure da igiya, ya bi lunguna da bakin kasuwa yana ja. Ƙusa, guntun waya, murfin gwangwani, duk abin da ya manne nasa ne. Ranar Lahadi, da yake ita ce ranar kasuwar Tawa, sai ya kai wa masu sikeli su auna masa. Da kuɗin ya sayi takalmin ƙwallo, kuma ya taɓa saya wa Inna goro, abin da har yau take ba baƙi labari.

Ran nan Inna ta fito da takardu za a nemi wata, ya ga ƙyallen a shimfiɗe kan tabarma. Ya ɗaga shi ta wajen zoben, zarurrukan suka miƙe, ƙyallen ya buɗe ya yi tulluwa. Ya ce da ni: "Baba ƙarami, wagga ai laimar sauka ce irin ta sojan fim. To amma ta wa? Ta yi ƙanƙanta ga mutum."

Ni malamin makaranta ne, kuma ina da ciwon da malamai da yawa ke da shi: ba na son yaro ya tambaye ni abu in ce ban sani ba. A daren na kwana ina latsa waya. Ban daɗe ba na ci karo da hotunan da ƴan jarida suka ɗauka a tashar jiragen ruwa ta Misrata a farkon watan Mayu na 2011. Ga koren ƙyallenmu nan, irinsa sak, a yashe kan kwalta, kuma a ƙarshen zarurrukan akwai wani abu mai kamar gwangwanin madara. Nakiya ce ƙirar ƙasar Sin, ana ce mata Type 84. Dakarun Gaddafi, da suka yi wa garin ƙawanya, sun cusa irinta a cikin rokoki suka harbo. Rokar na buɗewa a sama, nakiyoyin su watsu, kowace ta sauko a hankali da ƴar laimarta, ta zauna tana jiran mota. Ƙungiyar Human Rights Watch ta tabbatar da haka a lokacin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka ce tana tashi: ba lalle sai an taka ta ba, kusantar ƙarfe mai yawa take ji, da ƙarfin maganaɗisu. Na ajiye wayar na tuna igiyar yaron nan da abin da ke ɗaure a bakinta.

Washegari da dare, muna shan shayi a ƙofar gida, na nuna wa Yaya hoton. Ya daɗe yana kallo. Shi mutum ne wanda ba ya son zancen Libiya; in an tambaye shi sai ya ce "an yi, an gama". A wannan daren ne ya ɗan buɗe baki. Ya je Misrata aikin gini, kamar yadda dubban ƴan Adar ke tafiya ci-rani, wasu Abijan, wasu Kamaru, wasu Libiya. Da yaƙi ya rufe garin, baƙi ƴan Afirka suka taru kusa da tashar ruwa a cikin tantuna da rumfunan leda, suna jiran jirgin da hukumar OIM ta yi haya, mai suna Red Star One, ya kwashe su zuwa Bengazi. Daga can a bi da su ta mota zuwa Sallum, iyakar Masar, sannan jirgin sama ya mayar da kowa ƙasarsa. Ya ce a kwanakin jiran nan ne ya ga ƙyallen ya maƙale a jikin wayar shinge, iska na kaɗa shi. Ledar da ya sa fasfonsa ta yage, ga raɓar teku. Ya miƙa hannu ya ciro.

Na ce: "Yaya, ba ka ga abin da ke maƙale da shi ba?"

Ya ce babu komai a jiki, zoben ne kawai. Sai ya ƙara da cewa: "Da akwai, da na ɗauko. Gwangwani mai nauyi hakanga, wa za shi bari?"

Maganar nan tasa ita ce ta sa ni wannan rubutu. Ba wauta ce ta sa ya faɗa ba. Haka aka rene mu.

Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita ga abubuwa biyu da ba su haɗa hanya ba. Nakiya ita ce ta shinkafa da zuma da ake kai wa amarya a gara, nakiya kuma ita ce wadda ke tashi da mota. Mu ƴan Tawa mun san ta biyun a watan Disamba na 2007. Shekarar ce aka ba garinmu bikin 18 ga Disamba, ranar jamhuriya, ana ta fenti da gyaran tituna ana jiran shugaba Tandja Mamadu da baƙi. Ana saura kwanaki kaɗan nakiya ta tashi da mota a cikin Tawa, wata kuma a Maraɗi, aka rasa rayuka. Kafin nan muna jin labarin nakiya ne daga Agadas da duwatsun Ayar, inda tawayen MNJ ya ɓarke tun watan Fabrairu na shekarar, sai ga ta a titin da muke bi zuwa kasuwa. Gwamnati ta ɗora wa ƴan tawaye, su kuma suka musanta. A watan Janairu na 2008 wata ta kashe Abdu Mahaman, shugaban gidan rediyon R&M, a unguwar Yantala cikin Yamai. Na tuna yadda direbobi suka koma bin sawun tayar wanda ya riga su, da yadda ƴan kabu-kabu ke kauce wa duk inda ƙasa ta yi alamar sabon tono.

To amma waɗannan hannu ne ya binne su. Wanda ya binne ya san inda ya sa, ko da ba zai faɗa ba. In an yi sulhu ana iya zaunar da shi a ce nuna mana. Ko su ɗin ma ba a rabuwa da su da sauƙi: a Madama, can kusa da iyakar Libiya, nakiyoyin da aka binne kewaye da barikin soja tun zamanin mulkin Faransa sun sa Nijar ta yi ta neman ƙarin wa'adi a ƙarƙashin yarjejeniyar Ottawa ta 1997, wadda ta haramta nakiyar da ake ɗana wa mutum, kuma wadda ƙasarmu ta shiga a 1999. Rairayi na tafiya, yana rufe abu yana kuma tone shi.

Wadda ake watsowa daga sama kuwa, ko wanda ya watso ta bai san inda ta faɗa ba. Matuƙin jirgi ya danna, ya juya ya tafi, iska ta raba sauran. Ba ta shiga ƙasa, a sarari take kwanciya, kan yashi ko cikin ciyawa ko kan rufin ɗaki, inda ido zai gan ta. Nan ne sharrinta yake. Nakiyar binne tana jiran ƙafa, wannan kuwa hannu take jira.

Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce PFM-1 ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wadda jirage masu saukar ungulu suka yi ta zubawa a kan hanyoyin duwatsun Afganistan tsakanin 1979 da 1989. Ta roba ce, ba ta fi tafin hannu ba, koriya ko ruwan ƙasa, da fukafukai biyu da ke sa ta sauko tana juyi kamar busasshen ganye. Saboda siffarta ake ce mata malam-buɗe-littafi. Ba a yi ta don ta kashe ba, an yi ta don ta cire ƙafa ko yatsu, saboda a lissafin masu yaƙi wanda ya ji rauni ya fi gawa ɗaure wa abokan gaba hannu. Yaran Afganistan da yawa sun ɗauke ta a matsayin abin wasa. Wani ya ɗauka ya jujjuya ba ta yi komai ba, ya miƙa wa ƙanensa, ta tashi a hannun ƙanen. Kuma ba tarihi ba ce da ya wuce, an sake ganin ta a yaƙin Ukraine tun daga 2022.

Ƙasar da ta fi ba ni tsoro da na karanta labarinta ita ce Laos, don mutanenta sun yi kama da mu. Tsakanin 1964 da 1973 jiragen Amurka sun zuba mata bama-bamai fiye da tan miliyan biyu, ciki har da ƙananan ƴaƴan bam kusan miliyan 270, irin waɗanda uwar bam ke buɗewa a sama ta watsa. An ƙiyasta kusan kashi 30 cikin ɗari ba su tashi ba. Manoma ne matalauta, ƙarfe kuma kuɗi ne. Sai suka mayar da ragowar yaƙi sana'a: kwankon bam ya zama kwamin dabbobi da ginshiƙin rumbu, a wani ƙauye mai suna Ban Napia kuma ana narka alminiyam ɗin a zuba cokula. Da na ga hoton masu zubin cokulan nan sai na ga kamar masu zubin tukwane ne na kasuwarmu, da ƙasar zubinsu da zugazuginsu. Shekara hamsin bayan yaƙin, har yanzu ana rasa mutane a can, kuma da yawansu yara ne.

A wajenmu ƙarfe ba ya mutuwa. Ganga ta zama ƙofa ko murhu, sifirin mota ya zama gatari da hauya a hannun maƙeri, gwangwanin lemo ya koma tukunya, tayar da ta ƙare ta zama takalmi da guga. Ina alfahari da wannan, kuma duk wanda ya raina shi bai san yadda ake rayuwa a ƙasar da damina ke wata uku ba. Tun muna yara aka koya mana tsintuwa ba sata ba ce. Malamai sun karantar da mu hukuncinta: ka ɗauka, ka adana, ka yi cigiya shekara guda. Duk tarbiyyar ta ginu ne a kan cewa abin da ke yashe a ƙasa wani ne ya yar ko ya ɓatar, kuma barin sa asara ce. Ba a tanadar mana babin abin da aka yar da gangan don a tsinta ba.

Ga shi kuma arewacin jiharmu ya zama abin da ya zama. Tun harin Tazalit na watan Oktoba 2016, inda aka kashe sojoji 22, zuwa kisan ƙauyukan Tiliya a watan Maris 2021 da ya ci mutum 137, zuwa na kusa da Tabatol a watan Oktoba 2023 da aka rasa sojoji 29, yankin da ke tsakaninmu da iyakar Mali bai huta ba. Duk inda aka yi artabu ana barin ƙarfe a ƙasa, wanda ya tashi da wanda bai tashi ba. Makiyayi ne ke fara bi ta wurin. Shi ba ya da maƙera, amma ya san akwai mai saye a Cintabaradan ko Abalak, daga can kuma kaya na gangarowa Tawa a bayan manyan motoci, a haɗe da tsofaffin injinan ban-ruwa da ƙafafun amalanke. Mai sikeli ba ya tambayar asalin ƙarfe. Nauyi yake saye.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A jihar Borno, inda ake ce wa masu sana'ar ƴan ajakuta, gwamna Babagana Zulum ya haramta ta a watan Yuli na 2023 saboda rayukan da take ci. Duk da haka a watan Janairu na 2024, a garin Gubio, wani abu da aka tsinto cikin tarkacen ƙarafa ya tashi ya kashe almajirai shida. Sa'o'in ɗan Yaya ne. Doka ta hana, yunwa ba ta hana ba.

Duk wannan na karanta shi, na kuma zauna na yi wa yaron bayani da hotuna, ina jin kaina malami. Sai ga abin da ya biyo baya, wanda shi ne ban so in rubuta ba.

Bayan kamar wata biyu, wata ranar Asabar da hantsi, ya shigo da gudu ya ce in zo in gani. Shi da abokinsa sun sayi wani buhun tarkace a hannun wani mai amalanken jaki, da niyyar su tsince su sayar da riba ranar kasuwa. Sun zazzage shi a bayan gida, gindin bedi. A cikin tsofaffin kwanoni da sarƙar keke akwai wani abu mai tsawon kamar tafin hannu biyu, ya yi tsatsa, kansa a dunƙule, gindinsa da ƴan fukafukai. Yaron ya yi abin da na ce masa: bai sake taɓawa ba, ya zo ya kira babba.

Babban kuwa me ya yi? Na tsuguna na ɗauka. Wallahi na ɗauka. Na juya shi ina neman rubutu ko lamba a jiki, na sa babban yatsa na goge tsatsar wani wuri, na ɗora shi a kan bulo inda haske ya fi kyau, na ɗauki hoto ta gaba da ta baya. A raina ina cewa in na samu lambar zan gane ƙirar wace ƙasa ce, in gaya wa yaran sunansa. Yara biyu na tsaye a kaina, Inna na tankaɗe a tsakar gida, katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Allah ya kawo maƙwabcinmu, wani dattijo tsohon soja da ya yi aiki a arewa shekaru da dama kafin ya yi ritaya. Ya leƙo ta kan katanga don ya ji hayaniyar yara. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ran nan, kuma ko a ran nan ɗin ma ƙasa-ƙasa ya yi ta. Ya ce: "Malam, kada ka sake taɓa shi. Tashi sannu. Ku ɗiya, ku bi bayana." Ya fitar da mu duka har Inna, da garin tuwonta a hannu, ya sa aka fitar da mutanen gidan da ke jikin namu, ya tsayar da wani saurayi a bakin lungu ya hana kowa shiga. Sannan ya kira waɗanda abin ya shafa a waya.

Muna tsaye a inuwar masallaci muna jira, na yi ƙoƙarin wanke kaina. Na ce ai so nake in gane ko wane iri ne, don in san ko mai haɗari ne. Ya dube ni ya ce: "In ka gane sunanshi, mi za ka yi da sunan? Mu da aka koya muna, ba mu ɗaukar abin da ba mu muka aje ba." Ya ce abin da ya daɗe a rana da sanyi ya fi sabo saurin fushi, don abin da ke riƙe da shi a ciki ya ci tsatsa. Ya ce wanda aka harba bai tashi ba ya riga ya yi rabin tafiya, saura ƙiris yake jira, kuma ba mai iya sanin ƙiris ɗin nan da ido. An ɗauko shi a buhu, an jijjiga shi a mota, an zazzage shi a ƙasa bai yi komai ba, wannan duk ba shaida ba ce.

Shi ne ya tuna mini da Gure. A watan Agusta na 2008 aka shirya bikin miƙa makamai a can, aka jera nakiyoyin da aka karɓo a gaban manyan baƙi. Suka tashi a tsakiyar taro, mutum ɗaya ya rasu, gommai suka jikkata, har da gwamnan Damagaram. A wurin akwai mutanen da suka san sunan kowace nakiya da ƙasar da ta ƙera ta.

A Turai akwai masu tara irin waɗannan abubuwa don sha'awa. Suna bin tsofaffin filayen yaƙin duniya suna tono guntayen bam da na nakiya, su wanke, su jera a kanta, su yi ta musu a kan wace masana'anta ce ta yi wannan murfi, a wace shekara. Da na fara ganin haka na yi musu dariya, na ce ƙoshi ne. Daga baya na ga ciwonmu ɗaya da su: son a san sunan abu, a riƙe shi a hannu. Manoman Faransa da Beljiyam da ke zaune a kan filayen yaƙin 1914 zuwa 1918 sun fi su hankali. Har yau garmarsu na tono harsasan igwa duk shekara, kuma akwai rundunar da aikinta ke nan, ta bi gonaki ta kwashe ta je ta lalata. Fiye da shekara ɗari ke nan, ba su gama ba.

Mu ma muna da hukumar da aka ɗora wa wannan nauyi, CNCCAI, mai tattara haramtattun makamai, wadda aka kafa tun 1994 lokacin tawayen farko. Nijar ta kuma shiga yarjejeniyar Oslo ta 2008 da ta haramta bam mai ƴaƴa. Amma tsakanin takardar da aka sa wa hannu da yaron da ke jan mayen ƙarfe a bayan kasuwa akwai tafiya mai nisa. Ban taɓa ganin hoton ko ɗaya daga cikin abubuwan nan a manne a wurin masu sikeli ba, alhali nan ne duk ƙarfen daji ke kwana. Kuma akwai wani abu da kowa ya sani ba a faɗi: mutane na tsoron kai rahoto. Makiyayin da ya fito daga arewa, a wannan zamani da ake kallon kowane mai rawani da ido biyu, in ya ce ga abin da ya gani, tambayar farko da yake tsammani ita ce me ya kai ka wurin. Sai ya zaɓi ya yi shiru, ko ya jefa a rijiyar da ta mutu, ko ya sayar ya rabu da shi. Da ba don tsohon sojan nan ya san wanda zai kira ba, kuma an san shi, ban tabbata ni kaina da ban yi tunanin in haƙa rami in rufe ba. In ana son mutane su riƙa faɗa, sai wanda ya faɗa ya koma gida da "mun gode", kowa kuma ya ji cewa haka aka yi masa.

Mu dai haka aka yi mana. Sun zo bayan azahar, suka ƙara matsar da mutane, biyu suka shiga. Sun ɗan jima kafin su fito da shi a cikin wani akwati da yashi, suka tafi da shi bayan gari. Babbansu ya tambayi yaran inda suka samo buhun, cikin lallami, ya rubuta. Da zai shiga mota na kasa haƙuri, na matsa na tambaye shi ko mene ne. Ya ce: "Malam, yana da rai." Bai ƙara ba.

Hotunan na nan a wayata. Na yi niyyar gogewa, sai na fasa, na kai su aji. Na nuna wa ɗalibaina su, da na ƴar malam-buɗe-littafi, da na gwangwanin Misrata mai laima, ban gaya musu sunan ko ɗaya ba. Wata yarinya ta ce ta taɓa ganin mai kama da na farkon a garinsu, an sa shi ana danne tabarmar rumfa kada iska ta ɗauke. Na rubuta sunan garin na kai wa dattijon.

Ɗan Yaya bai bar tsintar ƙarfe ba, kuma ban hana shi ba, don ba ni da abin da zan ba shi a madadin. Sharaɗin da ubansa ya kafa masa shi ne ba shi ba sayen buhun da bai ga cikinsa ba, ba shi kuma ba kayan da suka fito daga daji. Yana bi ko ba ya bi, Allah ne masani, yaro ne.

Ƙyallen kuwa mun yi shawara a kansa. Dattijon ya duba ya ce tsumma ne da zobe, ba abin da zai yi. Ni na so a raba shi da gidan. Yaya ya ce shi ba ruwansa. Inna ta saurare mu duka, ta ce ƙyallen da ya rako ɗanta gida da ransa ba inda za shi, ta naɗe takardunta a ciki, ta mayar ƙasan akwati ta tura ƙarƙashin gado.